Wai me likitan ƙwaƙwalwa yake nema a wajen wanda ya riga ya mutu?

Yar_Auta

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin asibiti ko na shari'a ku taimaka min da wata tambaya da ta tsaya min a rai. Na sha karantawa idan wani shahararre ya yi mutuwar da ake ta ce-ce-ku-ce a kanta, ɗan fim ne ko mawaƙi ko dai wani babba, sai ka ji an ce an kira likitan ƙwaƙwalwa mai aiki da kotu ya shiga binciken. Toh ni abin da ban gane ba, mutum ya riga ya mutu ba ya magana ba ya motsi, wa likitan zai duba? Na san akwai likitan da ke buɗe gawa ya gano ko guba ce ko duka ne ko zuciya ce ta buga, wannan kam na gane aikinsa. Amma na ƙwaƙwalwa fa? Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ga shi babu fuskar da za a tambaya.

Abin da ya jawo tambayar shi ne maganar Marilyn Monroe, 'yar fim ɗin Amurka, na ga an rubuta wai ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ce ta ce ita ta kashe kanta, wasu kuma har gobe suna cewa kashe ta aka yi. Shin maganar irin wannan likita tana da nauyi a kotu ko kawai ra'ayinsa ne yake faɗa kamar ni da kai?

Nas_Mai_Dare

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni nas ne a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa, ba likita ba, amma bari in faɗi iya abin da na sani kafin manya su iso.

Kin ga a Amurka takardar shaidar mutuwa tambaya biyu take amsawa kuma mutane cakuɗa su suke yi. Ta farko, me ya kashe shi, jini ne ya zuba ko ruwa ya ci shi ko magani ne ya yi masa yawa. Wannan aikin likitan gawa ne da masu gwajin jini. Ta biyu, ta wace hanya abin ya faru, kuma gida biyar ne: rashin lafiya ko tsufa, haɗari, shi ya kashe kansa, wani ya kashe shi, ko kuma ba a tantance ba. Gawa tana iya amsa ta farko tsaf, ta biyun ce take gagara. Ɗauki mutum biyu an same su maganin barci ya yi musu yawa, jininsu iri ɗaya hantarsu iri ɗaya, amma ɗaya ya sha ne don barci ya ƙi zuwa ya rikice cikin dare ya ƙara, ɗayan kuma ya sha ne da nufin kada ya farka. Babu wuƙar likita ko na'urar da za ta bambance miki su don niyya ba ta fitowa a gwaji. Toh nan ne ake kiran mutumin naki.

Kuma ba gawar yake zuwa dubawa ba, masu rai yake bi. Zai zauna da mata ko miji, iyaye, abokai, direba, mai aiki, likitocin da suka duba mamacin, kowa shi kaɗai, ya yi ta tono. Yana barci kuwa a makonnin ƙarshe? Ya rage cin abinci? Ya taɓa yunƙurin kashe kansa a baya? Akwai mai irin larurar a danginsu? Ya rabar da kayan da yake ji da su, ko ya biya basussuka ba zato ba tsammani, ko ya kira mutanen da ya daɗe bai kira ba yana neman yafiya? Ko kuwa akasin haka, ya sayi tikitin tafiya na mako mai zuwa, ya sa hannu a sabon aiki? Sai fayil ɗin asibiti, takardun magani, littafin da yake rubuta sirrinsa, yanzu kuma waya ta fi komai, abin da ya bincika a intanet ƙarfe biyun dare da saƙon da ya rubuta bai tura ba. Daga nan ya haɗa rahoto ya miƙa wa jami'in da ke da hurumin sa hannu a takardar. Shi ba ya kama kowa, ba ya cewa wane ne ya yi kisa.

A Los Angeles ma abin ya samo asali. A 1958 Edwin Shneidman da Norman Farberow da Dakta Robert Litman suka kafa cibiyar hana kashe kai a garin, shi kuma babban jami'in binciken mace-mace na yankin, Dakta Theodore Curphey, gawarwakin masu shan maganin barci sun yi masa yawa bai san gidan da zai sa su ba, sai ya riƙa tura musu su bincika masa. Da Monroe ta mutu daren 4 ga Agusta 1962 tana da shekara 36, a gidanta na unguwar Brentwood, hanyar da aka saba aka bi. Dakta Thomas Noguchi ya duba gawar, gwaji ya nuna magungunan barci iri biyu masu yawan gaske, Curphey kuma ya ba Farberow da Litman da Dakta Norman Tabachnick aikin binciko halin da take ciki kafin ta mutu.

Abin da suka tarar yana da yawa. Mahaifiyarta ta shafe shekaru a asibitin masu taɓin hankali. Ita kanta a Fabrairun 1961, jim kaɗan bayan rabuwarta da mijinta Arthur Miller, an kwantar da ita a asibitin Payne Whitney a New York a ɗakin da ake kullewa, sai da tsohon mijinta Joe DiMaggio ya zo ya fitar da ita. Ta daɗe barci ba ya zuwar mata sai da ƙwaya. A watan Yunin 1962 kamfanin Fox ya sallame ta daga fim ɗin da take yi, duk da ana tattaunawar mayar da ita. Sannan suka gano ta taɓa shan magani fiye da kima ba sau ɗaya ba, ta kira a zo a cece ta kuma aka cece ta. A ranar 17 ga Agusta Curphey ya fito ya ce mafi rinjayen zato ita ta kashe kanta, kuma ki lura bai ce tabbas ba, rinjayen zato ya ce, haka aka rubuta.

Abin da ke ɗaure min kai a labarin shi ne wayoyi biyu na daren. Wajen ƙarfe 7 ɗan DiMaggio ya kira ta, ya ce ya ji ta garau cikin raha. Bai fi awa ɗaya ba bayan nan abokinta ɗan fim Peter Lawford ya yi magana da ita, shi kuma ya ce muryarta ta yi nauyi tana jan magana kamar mai sallama. Duka biyun za su iya zama gaskiya don mu da ke aiki da masu irin wannan ciwo muna ganin yadda mutum ke juyewa cikin awa guda, amma kin ga irin kayan aikin da likitan yake riƙe da su kenan, abin da wani ya tuna ya ji a waya.

Kawu_Sarkin_Musu

Malam nas ka yi bayani mai kyau amma ni fa ban gamsu ba, akwai lauje cikin naɗi. Mace an ce ta haɗiyi ƙwayoyi rututu amma da aka buɗe cikinta ba a ga ko ɓurɓushin kafso ɗaya ba, ina suka shiga? Ba ta bar wasiƙa ba. Mai kula da gidan Eunice Murray ta ce ta farka wajen ƙarfe 3 na dare ta ga fitila a kunne ƙofa a kulle, maimakon ta kira 'yan sanda sai ta kira likitan ƙwaƙwalwar Monroe wato Ralph Greenson, shi ya zo ya fasa taga, shi ma ya kira ɗayan likitan Hyman Engelberg, ba a kira 'yan sanda ba sai 4:25 na asuba. Me suke yi a tsakani? Kuma matar nan ta yi ta sauya labarinta tsawon shekaru, yau ta faɗi wannan gobe ta faɗi wancan. Ɗan sandan da ya fara isa gidan, Jack Clemmons, shi da kansa daga baya ya riƙa cewa bai yarda da labarin ba.

Sannan kar a manta wannan Lawford ɗin da kake kafa hujja da shi surukin gidan Kennedy ne, ƙanwar shugaban Amurka na lokacin John F. Kennedy yake aure, kuma duniya ta ga Monroe ta yi wa shugaban waƙar zagayowar ranar haihuwa a watan Mayun shekarar a gaban dubban mutane. To shaidar irin wannan mutum za a ɗauka a ce an gano zuciyar mamaciya?

Babban abin da ya fi damuna ma shi ne su likitocin da aka ba binciken da shi Greenson 'yan sana'a ɗaya ne a gari ɗaya, kuma shi ne wanda ya fi kowa sanin cikinta, a ranar ma ya je gidanta da yamma ya daɗe. Idan aka ce ita ta kashe kanta da gangan ai an rage wa likitocin da suka cika ta da ƙwaya nauyi. Kura ce za ta ce da kare maye? Ni a ganina irin wannan likita ana kiransa ne kawai ya buga hatimi a kan abin da manya suka riga suka yanke.

Mai_Famasi

Kawu ranka ya daɗe, maganar cikin nan da babu kafso bari in sa baki don ita ce hujjar da aka fi yawo da ita kuma ita ce ta fi rauni. Magani ba ya zama a ciki yana jiran likita ya zo ya gan shi. Kafso narkewa yake yi, idan cikin babu abinci nan da nan ya wuce hanji ya shiga jini, ballantana ga wanda jikinsa ya saba da shi shekara da shekaru. Kuma mutum ba ya mutuwa a take, yana shiga barci mai nauyi numfashi na raguwa a hankali, duk wannan lokacin jiki na ci gaba da tsotse maganin. Gwajin da aka yi mata ya nuna maganin ya taru a hanta fiye da yadda yake a jini nesa ba kusa ba, wanda ke nuna ya samu lokaci ya zaga jiki kafin rai ya fita. Da allura aka ɗirka mata mai yawan haka da ba ta kai wannan lokacin ba, kuma Noguchi ya ce ya bi fatarta da gilashin ƙara girma bai ga hudar allura ba.

Amma inda zan ba ka gaskiya Kawu, shi Noguchi ɗin da kansa ya faɗa daga baya cewa ya so a gwada sauran kayan cikin, hanji da ƙoda da sauransu, aka ce masa an riga an zubar, jini da hanta kaɗai aka gwada. Wannan sakaci ne babba kuma shi ya buɗe ƙofar da har yau ta ƙi rufuwa. Haka nan maganar likitocinta, gaskiya ne ba likita ɗaya ke rubuta mata magani ba, kuma magungunan nan biyu idan suka haɗu danne numfashi suke yi. Irin wannan tsohon maganin barci tsakanin abin da zai sa ka barci da abin da zai kai ka lahira tazarar kaɗan ce, shi ya sa aka yi ta janye shi daga hannun mutane da aka samu wasu masu sauƙin haɗari.

Sai dai duk wannan bayanin nawa iyakarsa ya nuna ta baki maganin ya shiga. Bai ce ga abin da ke ranta lokacin da take sha ba. Su masu binciken sun dogara ne da cewa yawan ya wuce na kuskure kuma cikin ɗan lokaci aka sha shi, ga kwalbar da aka karɓo kwana ɗaya kafin nan an same ta wayam, ga ƙofa a kulle ta ciki. Maganar wasiƙa kuma ba hujja ba ce ko kaɗan, mafi yawan masu kashe kansu ba sa barin komai a rubuce.

Lauyan_Gobe

'Yar uwa Auta, ɓangaren tambayarki na kotu ba a taɓa shi sosai ba. A taƙaice ra'ayi ne, amma ra'ayin gwani, kuma doka ta bambanta shi da na ni da ke. Shaida na yau da kullum abin da ya gani ko ya ji kaɗai zai faɗa, gwani kuwa an yarda ya ce ga abin da na fahimta daga waɗannan bayanai. Amma alƙali ba dole ne ya ɗauka ba, lauyan ɗaya ɓangaren zai tashi ya yi masa tambayoyin ƙure, ka taɓa ganin mamacin da rai, mutum nawa ka yi hira da su, wa ka bari ba ka tambaya ba, wa ya biya ka, sannan su ma su kawo nasu gwanin ya faɗi akasin haka. Kotunan Amurka ma ba bakinsu ɗaya ba, wasu sun karɓi irin wannan shaida wasu sun ƙi ta.

Kuma ba a kan kisa kaɗai ake kiransa ba, sau da yawa ma kuɗi ne. Yawancin inshorar rai a Amurka ba ta biya idan mutum ya kashe kansa cikin shekara biyun farko, don haka kalma ɗaya a takardar nan za ta iya hana iyali dukiya ko ta ba su. Ko rigimar gado, attajirin nan Howard Hughes da ya mutu a 1976 bai bar wasiyyar da kotu ta amince da ita ba, lauyoyin gadon suka ɗauko masanin halayyar ɗan adam Raymond Fowler ya bi takardunsa da mutanen da suka yi masa aiki don a san yanayin hankalinsa.

Kawu kuma, tsoronka ba na banza ba ne, akwai inda abin da kake faɗa ya faru ƙuru-ƙuru, sai dai ba ɗan fim ba ne. Ranar 19 ga Afrilu 1989 ɗakin igwa na jirgin yaƙin ruwan Amurka mai suna Iowa ya fashe, sojoji 47 suka mutu. Rundunar sojan ruwa ta kai wa FBI bayanan ɗaya daga cikin mamatan, Clayton Hartwig, jami'ansu suka zauna a ofis suka karanta abin da aka ba su suka rubuta cewa shi ya tayar da fashewar don ya kashe kansa, rundunar ta fito ta faɗa wa duniya haka. Majalisar dokokin Amurka ta sa aka haɗa kwamitin masana halayya da likitocin ƙwaƙwalwa su duba rahoton, mafi yawansu suka ce hujjar ba ta kai a yanke irin wannan hukunci ba, kuma babban laifin rahoton shi ne ya yi magana da yaƙini a inda zato kawai ake da shi. Daga baya masana a ɗakin gwaji na Sandia suka nuna cewa idan aka tura buhunan albarushi cikin igwar da ƙarfi fiye da kima za su iya kamawa da kansu. A Oktoban 1991 shugaban rundunar Admiral Frank Kelso ya fito ya ba iyalan Hartwig haƙuri. Fiye da shekara biyu iyayen yaro suna ɗauke da sunan ɗansu ya kashe abokan aikinsa 46.

Matsalar aikin a nan take, duk wanda ka tambaya ya riga ya san mutumin ya mutu kuma ya ji yadda aka ce ya mutu, sai ya riƙa tuno abin da ya dace da labarin. Shirun da mamaci ya yi ranar Talata wanda ba wanda ya kula da shi a lokacin yanzu ya zama alama. Wasu dangin kuma ɓoyewa suke saboda kunya ko don kada a ce su suka yi sakaci, wani abokin kuma ƙarawa yake don a ce shi ne na kusa. Idan shahararre ne abin ya ninka, don kowa a gidan albashinsa a jikin mamacin yake kuma kowa na da abin da yake karewa.

Amma a kan Monroe, a 1982 ofishin mai gabatar da ƙara na Los Angeles ƙarƙashin John Van de Kamp ya sake bin fayil ɗin na tsawon watanni ya ce bai ga wata hujjar kirki ta kisa ba. Kuma a ce wai kullum rufa-rufa ake yi ba haka ba ne, ai a wannan garin dai Michael Jackson ya mutu ranar 25 ga Yuni 2009, ofishin binciken mace-mace ya rubuta cewa hannun wani ne sanadi, likitansa Conrad Murray da ke ba shi maganin sa barcin tiyata a ɗakin kwana aka same shi da laifin kisa ba da niyya ba a Nuwamban 2011 aka yanke masa shekara 4. A nan gwajin jini da bayanan wayar likitan suka yi aikin.

Maman_Biyu

Ni dai duk wannan na tsofaffin Turawa ban san su ba sosai amma na Sushant Singh Rajput kam na bi shi tiryan-tiryan don ina son finafinansa, wallahi abin ya tsaya min. Ranar 14 ga Yuni 2020 aka same shi a gidansa a Bandra cikin Mumbai yana da shekara 34, 'yan sanda suka ce shi ya kashe kansa, mutane suka ce ina, yaro mai dariya mai son karatun taurari ga kuɗi ga suna me zai sa. Babansa ya kai ƙarar budurwarsa Rhea Chakraborty a Patna, kotun ƙoli ta miƙa wa CBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Indiya, binciken a watan Agusta, gidajen talabijin kuma suka maida abin kamar wasan kwaikwayo kullum dare ana ihu ana nuna saƙonnin wayar mutane. An kama yarinyar nan a watan Satumba a kan zargin ƙwaya ta yi kusan wata guda a tsare kafin a ba da belinta. Likitocin babban asibitin AIIMS na Delhi suka ce ba kisa ba ne, amma sai a Maris na 2025 CBI ta kai rahoton rufe binciken cewa ba ta samu hannun kowa ba. Kusan shekara biyar fa.

Abin da ya sa na kawo shi, a Indiya tunzura mutum ya kashe kansa laifi ne mai zaman kansa da ake ɗaure mutum a kai, toh kun ga a can sanin halin da mamaci yake ciki ba maganar takarda ba ce kawai, shi zai sa mai rai ya kwana a gida ko a gidan yari. Kuma na ga inda irin binciken ya yi amfani, mutanen nan 11 'yan gida ɗaya da aka samu a mace a unguwar Burari a Delhi a 2018, da aka bi littattafan da suka shafe shekaru suna rubutawa aka yi hira da dangi da maƙwabta sai masu binciken suka ce ba mutuwa suka nufa ba, wani tsafi suke yi suna zaton za su tashi lafiya.

Amma tambayata ga malam nas, a lokacin rigimar Sushant wata mai duba shi ta fito ta gaya wa 'yar jarida ciwon da yake fama da shi, ga kuma likitoci barkatai a talabijin kowa na fassara fuskarsa a bidiyo. Wannan ya halatta? Mutum in ya mutu shi kenan sirrinsa ya zama na kowa?

Nas_Mai_Dare

Anti Maman Biyu a ƙa'idar aiki sirrin mara lafiya ba ya mutuwa da shi, ana buɗe shi ne ga wanda doka ta ba dama kamar kotu ko mai binciken da aka naɗa, ba ga kyamara ba. Masu fassara fuska a talabijin kuwa ba su da alaƙa da aikin da muke magana a kai. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka tun 1973 ta hana mambobinta su fito su faɗi ciwon wani sananne da ba su duba shi ba kuma ba a ba su izini ba, dalili kuwa a 1964 wata mujalla ta tambayi likitoci ko ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater yana da lafiyar da zai yi mulki, fiye da dubu suka ce ba shi da ita alhali ba wanda ya taɓa zama da shi, ya kai ƙara ya ci.

Kuma wannan maganar ta ai yana dariya ai yana da kuɗi, ita ce muka fi ji daga bakin dangi a wajen aiki. Ciwon damuwa ba ya duba asusun banki kuma masu shi da yawa sun iya ɓoyewa, musamman wanda sana'arsa ce ya yi murmushi a gaban mutane. Yayata labarin ma yana da nasa haɗarin, wani masani David Phillips ya nuna a 1974 cewa a watan da ya biyo bayan mutuwar Monroe masu kashe kansu a Amurka sun ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100. Don haka duk wanda na kusa da shi ya fara maganar ya gaji da rayuwa kar a ce wasa yake ko neman kulawa, a zauna da shi a tambaye shi kai tsaye a raka shi wajen likita.

Kawu maganarka ta 'yan sana'a ɗaya na karɓa, yau da za a yi da mutanen wani gari ya kamata a kira. Amma rahoton da bai yi kyau ba daban, kisa daban.

Kawu_Sarkin_Musu

Toh na ji na kafso, mai famasi ya kayar da ni a nan. Amma na 4:25 har yanzu ba wanda ya ba ni amsa. Kuma lauya in an rubuta abu a takardar nan shi kenan ya zauna har abada ko ana iya gogewa?

Lauyan_Gobe

Ana iya canzawa Kawu in sabon bayani ya fito. Natalie Wood, ita ma 'yar fim, ruwa ya ci ta kusa da tsibirin Catalina a Nuwamban 1981, kuma shi dai wannan Noguchi ɗin ne, lokacin ya zama shugaban ofishin, ya ce haɗari ne. A 2011 'yan sanda suka sake buɗe fayil ɗin bayan matuƙin jirgin ruwan ya sauya bayaninsa, a 2012 aka gyara takardar aka cire haɗari aka mayar da ita gidan ba a tantance ba. Ba a gurfanar da kowa ba dai. Ta Monroe kuwa tana nan yadda Curphey ya sa mata hannu a 1962.